Sakata a Ƙofar Fijo

Shekarar da soja suka miƙa mulki mijina Ilu ya gaji Fijo 404 ta mahaifinsa. Ba ta shiga lungunmu na Dukawuya, don haka kullum da sassafe yana bakin titi yana goge ta, tun kafin ya tambayi yadda ɗanmu Umair ya kwana.

Ƙofar motar ta baya takan buɗe da kanta. Ran nan a kwanar Ƙofar Mazugal ta wangale, da wuyan riga na cafko Umair.

Na ce, "Baban Umair, a sa mata sakata."

"Sakata? Ƙofar banɗaki ce? Yadda Bature ya ƙera ta haka za ta zauna. Asalin makullin nake cigiya."

"To, in yaron ya faɗo sai ka yi cigiyar wani."

Da ya tafi Wudil ta'aziyya, a motar haya don kada tasa ta wahala, na aika wa yayana Mustafa mai walda. Ya liƙa sakata ƙatuwa.

Ilu ya dawo ya durƙusa yana shafa inda fenti ya ƙone, har da hawaye. Ina tsaye goye da Umair ina kallonsa. Ko ranar da na haihu ban ga wannan hawayen ba.