Fedar Gangar Abu Dalia

Ni dai har yau ban gane wasan nan ba. Ganguna huɗu na roba, ka doke su ba sa ƙara, sai talabijin ce ke ƙarar a madadinsu. Wasu launuka na gangarowa a talabijin ɗin, mutum ya yi ta dukan gangunan da sanduna, ƙafarsa kuma na taka wata feda a ƙasa. 'Yarmu Dalia ce ta kawo wa ubanta kafin ta koma aikinta a Kuwait, bayan ciwon da ya shanye masa ƙafar dama. Likita ya ce sai ƙafar tana motsi kullum, in ba haka ba ta tafi ke nan. Shi kuwa mijin nawa Shaukat, mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa taram, jirgin ƙasan cikin gari, a Iskandariyya, ya rantse ba zai zauna yana matsa ƙwallo da yatsun ƙafa kamar jariri ba. Amma gangar roba ya yarda da ita. Wata biyar kullum sai ya zauna gabanta.

Ranar Talata na ja kujera zan goge ƙasa, da na waiwayo sai ga fedar ta rabe gida biyu. Innalillahi! Ban ji ƙarar karyewarta ba, amma wa ke gidan in ba ni ba? Shaukat ya fito da sandarsa, ya dubi fedar, ya dube ni, ya koma ɗaki. Kwana biyu yana kwance fuska a bango. Hankalina ya tashi, don na san in ƙafar nan ta saba da kwanciya ba za ta sake tashi ba, kuma ni ce sila.

Na kira Dalia, ta ce an daina yin irinta tuntuni, za ta nema a intanet, wataƙila wata guda. Wata guda! Na naɗe fedar a tsohon mayafi na fita.

A garinmu mai sana'a ba ya cewa bai sani ba, sai dai ya tura ka gaba. Na fara da mai haɗa ganguna. Ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, ina fatar?"

"Ba ta da fata."

"To me take doka?"

"Ba ta dokan komai. Talabijin ce ke ƙara."

"To ai talabijin ɗin za ki kai gyara."

Mai gyaran talabijin ya ja wayar da ke jikinta, ya shinshina, wallahi shinshinawa ya yi, ya ce wannan ta keken ɗinki ce. Mai keken ɗinki ya tambaye ni wace irin riga mijina ke ɗinkawa. Na ce kiɗa yake yi. Ya ce, "Da keke?" Na ce da talabijin. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wadda rana ta daka, ya sa aka kawo mini shayi, sannan ya ce in gwada bakaniken mota, don ta yi masa kama da totur.

Kafin azahar ni kaina na fara shakka. Na zauna a tasha ina tambayar kaina, shin ganga ce ma kuwa? Ko Dalia ta yi mana wayo ne, injin asibiti ne aka yi wa fenti? Ina cikin haka taram ya iso, direban ya taka ƙararrawa da ƙafa don wani mai lemo ya kauce. Nan Usta Bayumi ya faɗo mini a rai, tsohon maƙerin da ya yi aiki da mijina, wanda yanzu ke walda a wata rumfa bayan garejin taram.

"Ummu Dalia! Ke ce da kanki? Yaya sarkin ƙararrawa?"

"Yana kwance, Usta. Ni na kwantar da shi."

Na buɗe mayafin, na fara bayanin launuka da gangar da ba ta ƙara. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi haka, kada ki juya mini kai. Ana takawa?"

"Ana takawa."

"Shi ke nan, na gane."

Shi kaɗai ne a garin nan bai nemi sanin ko mece ce ba. Ya yanko faranti daga wata tsohuwar fedar ƙararrawa, ya kafe shi a kan robar da kusoshi, ya mayar da ɗan maganaɗisun da ya ce shi ke gaya wa talabijin an taka. Yana cikin ɗaurewa ya tsaya, ya kai ɓarin da ya karye kusa da ido.

"Kika ce ke kika karya?"

"Da kujera."

"Kujerar taki takalmi take sawa?" Ya nuna mini. "Kujera daga gefe take bugu. Wannan daga sama aka danne ta, a tsakiya, har robar ta yi fari kafin ta tsage. Ba rana ɗaya ta yi wannan ba. Na san aikin nan, Hajiya. Fedar ƙararrawa uku mijinki ya karya mini a nan daidai, har na ce a riƙa cire masa takalmi kafin ya hau."

"Usta, ƙafar da ba ta iya riƙe silifa?"

"Ni dai ban san silifa ba. Wanda ya karya wannan yana da ƙafa."

Har na iso gida kaina bai daina juyawa ba. Na tarar da shi yadda na bar shi. Na ajiye fedar a kan gado, ta yi nauyi yanzu, har katifar ta lotsa.

"Abu Dalia, wa ya karya ta?"

Ya ƙara juya fuska ga bango.

"Kwana biyu ina yawo da laifi a kaina, an tura ni wajen mai keke, an ba ni shayin mahaukata. Wa ya karya?"

Ya juyo a hankali. "Ranar Litinin, kina kasuwa. Na taka na ji ta tafi. Sai na haɗa ta na ajiye yadda take."

"Shi ne ba za ka faɗa ba?"

"Tsoro na ji, Nawal. Na ce in na faɗa da baki, gobe in taka in ji ba komai. Ga shi kuma babu abin da zan gwada a kai." Ya shafa farantin ƙarfen, ya gane shi. "Bayumi ne?"

"Ya ce a cire maka takalmi."

Na jona masa wayar, na kunna talabijin. Launukan suka fara gangarowa, har yanzu ban san me suke nufi ba, ƙafarsa kawai nake kallo. Ta ɗaga, ta tsaya a sama tana karkarwa, sannan ta sauka, ƙarfen ya buga ƙasa har kofunan kan tebur suka amsa.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta fara dukan silin da tsintsiya. Na leƙa ta taga, hawaye na zuba, na ce mata, "Ki yi haƙuri, Ummu Hani, sai dai ki saba. Mijina ne."