Takwarorin Alhaji Abdussalami

Lori na tsaye a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, yana ta buga ƙaho, Audi kuma yana ƙofar ɗaki yana kallon inda ɗansa ke kwana. Ba yaro, ba tabarma.

"Lami, ina Dattijo?"

"Yana hanyar Mai Wurno," in ji matar tasa, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tukunyar koko. "Yaya Garba ya wuce da shi kana masallaci. Makaranta zai sa shi."

Dattijo ba shi ne sunan yanka ba. Sunan yaron Abdussalami, kamar kusan duk namijin da aka haifa a ƙauyen tun da Larabawa masu gonakin auduga suka ɗora wa Alhaji Abdussalami aikin tara musu 'yan ƙwadago. Wani ne ya fara yi masa takwara, aka ba shi rabin hawasha, wato gonar haya, ya noma dawa. Daga nan jama'a suka gano cewa ashe sunan yana da ma'ana mai kyau ƙwarai. Har liman ya daina tambayar abin da za a raɗa. Da yake ba a kama sunan babba gatsal, sai ƙauye ya cika da su Dattijo, Mai Suna da Baba Ƙarami.

Alhaji kuwa mutum ne mai sanin haƙƙin takwara. Da zarar yaro ya yi famfara, sai ya aiko a kai masa shi riƙo, kuma zumuncin ba ya motsa masa sai auduga ta fashe. Riƙon shi ne buhu a wuya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ba lada, don mutum ba ya biyan ɗansa. In kaka ta wuce a dawo da su, yatsu a tsattsage, wasu suna fitsarin jini.

"Kin kashe mu," in ji Audi. "In Alhaji ya karɓe gonar da ya ba mu, me za mu ci? Allo?"

"Ɗan Ramatu da aka dawo da shi bara, ka ga cikinsa?"

"Ai wannan ƙaddara ce."

"To wannan ma ita ce, Malam. Kokonka zai huce."

Lori ya gaji da jira, ya tafi da 'ya'yan wasu.

* * *

Audi ya sa rigarsa ta Juma'a ya kama hanyar Wad Haddad, garin su Alhaji, a ƙafa, yana shirya ƙarya. Ya fara da ƙyanda, ya ga ana iya zuwa dubiya. Ya koma kan cewa kakar yaron na jinya, ya tuna Alhaji ya halarci jana'izarta. Ko da ya iso, gaskiya kaɗai ta rage masa, ita ma ba ta da ƙarfi.

Ya tarar da Alhaji a rumfa, kishingiɗe a kan gadon igiya, ana firfita masa shayi. Audi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, laifi na kawo. Takwaranka bai hau lori ba. Uwarsa ta tura shi wurin kawunsa, ban sani ba wallahi."

Alhaji ya kurɓi shayi. Ya dubi Audi kamar mai neman tuna inda ya taɓa ganinsa.

"Wanne?"

"Na'am?"

"Wane takwaran?"

"Dattijo, ranka ya daɗe. Na gidan Audi. Wanda ka ce kai da shi kamar an tsaga kara."

"Oho. Allah ya raya." Ya juya ga direbansa. "Lorin ya cika?"

"Ya cika, Alhaji. Har wasu a tsaye."

"To, halas, magana ta ƙare."

Aka miƙa wa Audi ɓarin goro, aka shiga zancen tayar lori.

Sai da ya yi nisa da garin sannan ya ratse daga hanya. Ya zauna a gindin wata bagaruwa ya yi ta ajiyar zuciya, har dariya ta kuɓuce masa. Gona na nan, yaro na makaranta. Ɗan abin da ya tsaya masa a rai, na cewa ragon sunan da ya yanka bai sa Alhaji ya san fuskarsa ba, ya haɗiye shi da goron.

* * *

Audi ya roƙi Lami ta rufe zancen. Ta rufe shi har zuwa lokacin ɗiban ruwa. Kafin wata kakar, 'yan Abdussalami da dama sun gano suna da kawunnai a Mai Wurno, a Sinnar, har da Managil. Liman ya koma tambayar iyaye suna. Sannu a hankali ya zama in ka ji an kira Mai Suna, to wanda zai amsa ya fara gemu. Dattijo kuwa yakan zo hutu da yatsu masu tabon tawada, Lami ta yi ta juya su a tafin hannunta.

A shekarar da ƙafafun Alhaji suka kumbura, Larabawa suka mayar da aikin hannun wani saurayi mai sabon lori, Mahadi. Ba a daɗe ba matar Jibirin, maƙwabcin Audi, ta haifi namiji. Ranar suna liman ya sunkuya, Jibirin ya raɗa masa a kunne, maroƙi ya miƙe ya gyara murya.

"An samu Mahadi!"

Jama'a suka shafa fatiha. Audi ya karɓi goronsa, ya ce amin tare da kowa.