Merv da Eriyar Saman Tudu

A Coober Pedy, garin masu haƙar ma'adinai a tsakiyar hamada, mutane na kwana a ƙarƙashin ƙasa tun da ransu, zafi ne ya kora su can. Shekara arba'in ke nan Merv da matarsa Glenys suna cikin gidan da ya haƙa a cikin tudu, zamanin da yake neman ofal, dutsen ado mai tsada. Ba taga ko ɗaya, sai bututun iska da ya huda rufin falo ya ɓullo saman tudun kamar wuyan jimina.

Tun da ɓarin jikin Glenys ya shanye, shekara biyu ke nan, ba ta ƙara hawa matakalar fita waje ba. Magani ya cinye fansho, suka yanke tashoshin talabijin na biya, aka bar su da na kyauta. Ɗaya daga ciki kuwa, duk jajibirin Kirsimeti da ƙarfe biyu na rana, tana nuna fim ɗin da Glenys ta fi so, na wani mai gyaran agogo da dusar ƙanƙara ta tsare a tashar jirgin ƙasa. Ita ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonta ba. Likita kuma ya ja Merv gefe ya ce kada ya sa rai za ta kai baɗi.

Ana saura kwana uku guguwa ta karya gindin eriya, mai gyara ya tafi hutu birnin Adelaide. Hoto ba ya zuwa sai an riƙe sandar da hannu.

Ran jajibirin, Merv ya jiƙa tawul ya naɗe sandar, ya kifa hula, ya tsaya cikin zafin rana kusa da bututun.

"Ya zo?" ya yi ihu cikin bututun.

"Hagu kaɗan, tsoho! Hagunka nake nufi, kai da ka shekara neman arziki a ramin da ba shi ba."

"Ai a nan na tsinto ki."

"To, ka yi asara. Yauwa, tsaya haka! Kada ka yi numfashi."

Ya tsaya. Ƙudaje suka yi masa taro a gefen ido, ba hannun kora su. Kiɗan fim yana fitowa ta bututun tare da sanyin gida da ƙanshin jatan landen da ya dafa mata. Lokaci-lokaci muryarta ta biyo baya.

"Ga ƙanƙarar nan ta fara! Sakaran ya fito ba safar hannu, kamar wani da na sani."

Tawul ya bushe. Ƙarfe ya fara cin tafin hannunsa, tsibin ƙasar ramukan ofal suna rawa a idonsa kamar garken fararen tumaki. Can sai ya lura kiɗa kaɗai yake ji.

"Glenys?"

Shiru.

"Ke tsohuwa, kina ji na?"

In ya saki sandar, hoton ya tafi, ga shi ba a kai inda mai agogo ke samun matar da yake so ba, wurin da Glenys take jira shekara guda. In kuma bai saki ba... Ya ƙara kira sau biyu. Sai ya saki.

Ya gangara matakala yana dafa bango. Tana kan kujerarta, idonta biyu, da kofin ruwan sanyi a hannunta mai lafiya. Talabijin ya daskare, mai agogo ya tsaya baki buɗe, rabin fuskarsa ya farfashe.

"Minti nawa ina shiru kafin ka sauko," in ji ta. "In na ce sauko, ai gardama za ka yi. Sha."

"Ba ki ga ƙarshen ba."

"Auren suke yi. Sau talatin ina halarta. Zauna, kana wari kamar tsohon takalmi."

Ya zauna kusa da ita, ta ɗora tafinsa da ya ƙone a jikin kofin. Suka zuba wa hoton ido. Ƙanƙarar ta tsaya cak a iska, ta ƙi sauka.