Ranar da Lasifikar Dakta Lubabatu Ta Mutu

Aikin Lubabatu Ma'aruf a jami'a sauraren tsuntsaye ne. Takan fita da sassafe da na'urar ɗaukar sauti, ta zauna gindin bagaruwa, ta naɗi kukan suda da kanari da kurciya. In ta koma ofis sai ta zauna tana rarrabewa: wannan kukan na neman abokiyar zama ne, wancan na gargaɗi ne idan shaho ya gilma. Shekaru ta yi a kan haka, har ɗalibai suka sa mata Dakta Tsuntsu.

Da bazara sanƙarau ya kwantar da ita. Ta warke, amma kunnenta na dama ya mutu ɗungurungum. Na hagu yana kama muryar namiji idan ya matso ya ɗaga ta, da rugugin babbar mota. Duk wani siririn sauti ya tafi. Likita ya sunkuyo ya gaya mata da wuya jin ya dawo. Ta ce, "To."

Yayanta Zakari, mai fataucin albasa tsakanin Illela da Ƙonni, ya ɗauko ta ya kawo ta gida. Aka share mata ɗakin da mahaifiyarsu ta bari. Idan an kawo abinci ta ci. Idan mata sun shigo yi mata sannu, ta kalli bakinsu ta gyaɗa kai. Rabi'a, matar Zakari, ta yi ta zuba ido ta ga ranar da za ta fashe da kuka. Ba ta yi ba.

Wata ranar Laraba Malam Izzuddeen ya yi sallama. Shi ke da Islamiyyar 'yan mata da ke bayan kasuwa, kuma kowace shekara Lubabatu takan je ta yi wa yaran bayanin tsuntsaye. Ya zauna a ɓangarenta na hagu, ya ɗaga murya.

"Dakta, yara sun dame ni da tambaya. Amma in babu hali, wallahi ba komi."

"Zan zo," in ji ta.

Bayan ya fita Zakari ya dube ta. "Mi za ki yi can, Luba?"

"Abin da na saba."

Ranar Asabar ta shiga ajin da wayarta da 'yar lasifika mai caji. Yaran suna zaune a tabarma cikin fararen hijabai. Malama Tasalla, mai ajin, ta ja mata kujera. Lubabatu ta san sautukan nan duka da ka, ita ta naɗe su da hannunta. Ta fara da kurciya. Ta ji lasifikar tana rawa a tafin hannunta, ta ga yaran suna dariya suna nuna wa juna, sai ta ajiye ta a kan tebur ta danna na gaba.

"Wannan suda ce," ta ce. "Ku saurara da kyau. Yanzu tana kiran mijinta."

Ta bi layin da ke tafiya a fuskar wayar, ta ɗaga yatsa daidai wurin da ta sani. "Nan ta canza murya, ta hango shaho. Kun ji?"

Wasu suka gyaɗa kai. Ta wuce zuwa kanari, daga nan ta koma kan jan baki, ta yi bayanin yadda garkensu yake tashi lokaci guda daga gonar gero. Ta lura ajin ya yi tsit fiye da yadda ta saba, ba mai ɗaga hannu. Malama Tasalla ta miƙe, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa ta fita. Ta dawo da Malam Izzuddeen.

Ya ɗauki lasifikar ya juya mata bayanta. 'Yar fitilar da ke jiki ba ta ci.

"Caji ya ƙare, Dakta," ya ce kusa da kunnenta. "Tun bayan kurciya ba abin da ya hito. Nauyinki sunka ji."

Lubabatu ta dubi yaran. Yawancinsu sun sunkuyar da kai. Wata a layin baya tana share ido da gefen hijabi. Ta tsaya ta jira kunya ta zo mata, ko ɓacin rai. Ba abin da ya zo. Ƙishirwa kawai take ji.

"To," ta ce. "Na gode muku. Allah ya yi albarka."

Ta sa wayar da lasifikar a jaka. Malam ya raka ta har bakin titi yana ta magana, amma ya koma ɓangarenta na dama, ba ta kuma gaya masa ba.

Da yamma ta aika wa abokin aikinta Muhyiddeen saƙo, ta ce ya shiga ofishinta ya ɗauki na'urar da duk abin da ta naɗa, ya kuma karɓi ɗaliban da take duba wa bincike. Ya yi ta kira. Ta kalli wayar tana haske har ta daina.

Da damina ta sauka, Zakari ya fara tafiya da ita gonarsa ta Lafani don kada ta wuni a ɗaki. Yana can tare da masu noma, ita tana zaune a bayan mota da tabarau mai hangen nesa a cinyarta. Wani lokaci takan ɗaga shi. Ta ga suda a kan reshe, maƙogwaronta yana kumbura yana saɓewa, bakinta a buɗe. Ta kalle ta har tsuntsuwar ta tashi.

Da aka koma karatu jami'a ta ba ta darasin tsarin jikin dabbobi na 'yan aji ɗaya. Ta karɓa. Zakari ya kai ta tasha, ya ɗora mata buhun albasa a bayan mota, ya ce wa direba ya taɓa kafaɗarta in sun isa.