Ranar da Baba Ya Kira Sunan Hikma

Yayata Hikma ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa Babanmu, Malam Abdul-Fatawu, bai taɓa kiran sunanta ba. Alkunya ce ta mutanenmu, shi kuwa ya riƙe ta da hannu biyu. "Ke" yake ce mata, in ransa ya yi fari ya ce "ta gidan nan". Ni Rafia, da yake auta ce, sunana ya sha kira har ya gaji, yawanci don na ɓata wani abu.

Hikma tana koyar da aikin akanta a wata jami'a a nan Kumasi. Bincikenta a kan rafin da ya ratsa unguwarmu Aboabo ne: ta bi masu rini da masu gyaran batir da mahauta, tana nuna cewa dattin da sana'a ke zubawa a ruwa asara ce, ya kamata ta shiga lissafin riba. Shekaru ta yi tana dawowa gida takalminta na wari, ni ke wankewa ina mita.

Sai dai jami'a ba ta duba takalmi. Abin da take dubawa shi ne masana nawa suka ambaci bincikenka a nasu rubuce-rubucen, kuma kwamfuta ce ke ƙirgawa. Masanan duniya kuwa ba su ma san Allah ya yi wani rafi a Aboabo ba. Aka gaya wa Hikma cewa in ambaton bai ƙaru ba kafin kwamiti ya zauna, ba za a sabunta aikinta ba.

Muna cin tuwo take ba ni labari, ashe Baba yana ji daga tabarmarsa.

"Ke," ya ce, "ambato suke so?"

"E, Baba. Sai malamai sun ambaci aikin mutum."

"To ai mu ma haka muke. Malamin da ba a ambatonsa, karatunsa ya mutu."

Ta gaji a ranar, sai ta ce haka ne, ta ci gaba da cin tuwonta. Da ta san abin da zai biyo baya, da ta ajiye lomar ta yi masa bayani.

Washegari Baba ya ɗauki sandarsa. Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwar salla, sai ga shi a bayan babur, yau Dichemso, gobe can ƙasan Zongo, yana bin abokansa malamai gida-gida. Suka karɓe shi da mutunci, suka kuma cika alkawari: a wa'azi suka riƙa cewa 'yar Malam ta yi bincike, a daina zuba datti a rafi. Baba ya saurara, ya dawo ransa a ɓace.

"Rafia, ba su kama suna ba. Mai ƙirga yaya zai san wace 'yar Malam?"

Na so in gaya masa gaskiya, wallahi na so. Amma na ga yadda ya sa ransa a kan abin, sai na tafi na ɗebo masa ruwa.

Ranar da kwamiti ya zauna, Hikma ta fita tun da safe. Bayan la'asar Baba ya zauna wa'azi a masallacin layinmu, lasifika a kunne. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ya fara zancen ruwa da haƙƙin maƙwabci. Sai ya yi shiru, shiru mai tsawo, har na ɗauka wuta aka ɗauke. Sannan muryarsa ta sake fitowa:

"Wannan magana ba tawa ba ce. Na karɓo ta daga malama, Dakta Hikma Abdul-Fatawu."

Maƙwabciyarmu Azaratu mai wake da shinkafa ta leƙo ta katanga, ludayi a hannu. "Ei, Rafia! Malam ya kira sunan ɗan farinshi? Ban taɓa ji ba koraa, ko sau ɗaya!" Ni dai na zauna a kan turmi na yi kuka, don na san abin da wannan kalma ta ci masa.

Hikma ta dawo gab da magariba, kwalin littattafanta a ka. Ba sai an tambaya ba. Baba ya shigo daga masallaci yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa, ya ga kwalin, murmushin ya tsaya.

"Ke, ba su ƙirga ba?"

Ba ta gane ba, ta dube ni. A gabansa na gaya mata abin da ya faru, shi yana kallon ƙasa. Ta durƙusa ta fara yi masa bayanin mujallu da kwamfuta, cewa ko limamin Makka ne ya faɗa ba za ta shiga lissafinsu ba. Bai yarda ba.

"Kada ki rufa mini asiri. Bakina ne ba shi da nauyi. Da babban malami ne, da sun ji."

Ya shige ɗakinsa ya saki labule. Tun daga ranar bai sake zancen ba, ya koma wa "ke" ɗinsa, mu kuma ba mu da fuskar roƙonsa ya sake kiran sunan.

Bayan wata biyu Hikma ta samu aikin akanta a wani kamfani a Ankara, babban birninmu na Ghana. Ni na raka ta tashar Race Course. Ta shiga mota ta zauna jikin taga, 'yan kamasho na ta ihu, masu burodi na tura mana kaya a fuska. Sai ta kamo hannuna.

"Rafia, duk Aboabo sun ji, ni kaɗai ce ban ji ba. Yaya ya faɗa? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Na gyara murya, na gwada. Ta girgiza kai ta ce in sake. Na sake, muryata ce dai ta fito. Direba ya tayar da mota tana cewa in ƙara gwadawa sau ɗaya.