Bugun Baba Labaran

"Tsaya, tsaya!" Ya'u ya ɗaga hannu ya dakatar da ɗaukar murya. "Ga shi nan ya fara."

Daga bayan bangon zauren bugu ya tashi, dum, dum, dum. Maƙwabcinsu ne, Baba Labaran, yake bugun shadda a kan gungumensa. Da wuya a sami angon da ya yi ƙyalli a Wudil ba tare da rigarsa ta bi ta hannun tsohon ba.

Ya'u da abokinsa Jamil suna ɗaukar fodkas ne, shirin hirar da suke sakawa a intanet duk mako. Jamil marubucin waƙa ne mai kunyar tsiya, kuma dominsa Ya'u ya fara shirin, don a ji baitukansa da rubutun sauran abokai. Kayan aikin kuwa waya ce da tabarma, sai makirfo da aka sa wa safa.

Ya'u ya leƙa shagon tsohon. "Baba, sannu da aiki. Don Allah a ɗan sassauta mana."

"A'a, 'yan rediyon da babu tasha! Gobe Juma'a, ɗana, masu kaya ba sa jira." Ya ɗaga murya yadda zai ratsa bango. "Jamilu! Waƙar kogin nan taka ta yi gajarta, a ƙara mata!"

Haka ake yi kullum. Ya'u kuwa mutum ne mai son aiki tsaf. Kafin ya saki shiri sai ya bi ya yanke tarin tsohon da dariyarsa da katsalandan ɗinsa, ya goge, yana ƙunƙuni.

Da damina ta yi nisa bugun ya fara rauni, tarin ya fi shi ƙarfi. Aka kai Baba Labaran asibiti a Kano, aka dawo da gawarsa wata Talata da hantsi. Da suka koma ɗaukar shiri, zauren ya yi tsit irin yadda Ya'u ya daɗe yana nema. Bai ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Bayan sadakar bakwai, Inna Salamatu, matar mamacin, ta aiko a kira shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya sake yi mata gaisuwa.

"Ya'u, an ce muryar Malam tana cikin wayarku. Ko kalma ɗaya ce, ina so in ji."

Ya'u ya wuce gida ya buɗe wayar. Ya yini yana bin shirye-shiryen ɗaya bayan ɗaya, amma aikinsa ya yi kyau da yawa, ko gyaran murya bai bari ba. Abin da ya rage kawai bugun ne, can ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin hirarsu, inda yanka ya gagara.

Da la'asar ya koma kansa a ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. Babu muryar. Sai bugu."

"Kunna mini."

Ta kara wayar a kunne ta saman hijabi. Dum, dum, dum. Idanunta suka cicciko.

"Shi ne. Ka ji yadda yake jan na uku? Kafaɗarsa mai ciwo ce."

Sai muryar Jamil ta fara karanta waƙa, bugun ya ɗauke cak. Ya'u ya miƙa hannu zai mayar mata baya.

"Bar shi," in ji ta. "Ai in yaron nan ya fara, ajiye mabugi yake ya jingina da bango. Ko abinci aka kai masa sai ya ce a jira."

Ya'u ya janye hannunsa. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa wuraren da Jamil ke karanta waƙa a shirin ba sa bukatar yanka ko gogewa ba.

Inna Salamatu ta gyara zama da wayar a kunne, tana jira a gama waƙar Malam ya ɗauki mabuginsa.