Hayaƙi a Kunnen Hagu

Tun bara Kinue ta daina gane mijinta. Da ladabi take yi masa magana, irin wanda ake yi wa baƙo, kuma shi ne abin da ya fi ci wa Morihiko rai. Matar da ta tsufa tana yi masa faɗa a kan takalmi da gishirin miya, yau ita ke rusunawa tana cewa, "Sannu da aiki, bawan Allah."

Da ya ce zai kai ta wata doguwar hasumiya a birnin Tokyo, 'yarsu Tomoe ta so ta hana tafiyar. "Baba, ga jirgin ƙasa, ga cunkoso. Me za ta gani a hasumiya da ba ta gani a talabijin?"

"Unguwarmu," in ji shi. Tsohon akwai taurin kai, ya riga ya ɗaura wa Kinue gyale.

Daga ƙolin hasumiyar, Tokyo ta bazu har inda ido ya gaji. Ya nuna mata kogin Sumida, ya nuna mata Asakusa a ƙetare, inda suka kama ɗaki suna sabon aure. Ya zuba mata ido yana jira. Kinue ta daɗe tana kallo, sannan ta yi masa murmushi.

"Garinku akwai kyau. Kai ɗan nan ne?"

Ya kama hannunta. Suka sauko.

Gida ya yi niyya, amma tunda an fito, sai suka ƙetara gada zuwa haikali. A farfajiya ga katon kaskon turare, mutane sun kewaye shi, kowa na jawo hayaƙi da tafin hannu zuwa inda ke masa ciwo, wani gwiwa, wata ƙugu. Morihiko bai taɓa yarda da abin ba, ya sha yi wa masu yi dariya. Yau ya manta da duk wannan. Ya ɗebo hayaƙi ya tura kan matarsa, ya sake, ya kuma sakewa, har ta fara tari.

Sai jin duka ya yi a hannu.

"Kai, ka ishe ni! Kifi ce ni da za ka kyafe ni?"

Kafin ya farga ta cafko kwalar rigarsa, ta juya masa kai, ta shiga tura hayaƙi cikin kunnensa na hagu, wanda ƙarar injin masana'anta ta kashe tun yana matashi.

"Ga inda ke neman magani. Baban Tomoe, rayuwata duk ta ƙare ina magana a kunnen nan kamar mai yi wa bango."

Morihiko ya tsaya cak. Ya san abin ba lallai ya kai su tasha ba, wataƙila kafin su hau jirgi ya koma bawan Allah. Duk da haka godiya ta cika masa ciki har ya rasa inda zai sa ta. Ya haɗa tafukansa ya rusuna wajen haikalin, hawaye na bin fuskarsa.

"Kuka kuma? A gaban jama'a? Tsofai-tsofai da kai! Ina hankicin da na ba ka? Kullum sai ka ba ni kunya."

Ya matso, ya juyo mata da kunnen dama.

"Ci gaba, Maman Tomoe," ya ce. "Ta nan nake ji."